Hannun Da Ya Kasa Kayan

Sana'ata awo. Ina saya wa wani Alhaji riɗi da zoɓo a kasuwannin ƙauye, a ɗura a buhu, a ɗinke, a loda mota zuwa Dawanau. Lahadi ina Gujungu, Litinin ina Shuwarin, Alhamis ina Maigatari, sauran ranaku kuma duk inda aka ce kaya ya fito. Duk wanda ya san aikin nan ya san rabinsa jira ne. Ka jira manomi ya sauke daga amalanke, ka jira 'yan dako su gama da na gabanka, ka jira direba ya ce lodi ya yi. A cikin wannan jiran na fara ɗaukar hoto da wayata, kuma abin ya kama ni har ya zama da shi nake kwana nake tashi.

Matasan Kano masu ɗaukar hoton titi su ne suka fara buɗe mini ido. Ina ganin aikinsu a Facebook da Instagram, kuma wasunsu gwanaye ne na gaske. Za ka ga mahaya ranar Hawan Daushe, ka ga marinar Ƙofar Mata, ka ga birni shimfiɗe daga kan Dala, ka ga fitilun motoci a gadar sama da dare. Na koyi abubuwa da dama daga gare su ba tare da sun san ni ba. Abin da ke damuna shi ne idan irin wannan kyamara ta fito ƙauye, sai idonta ya canza. A birni tana neman kyau, a wajenmu kuma tana neman yaro mai yagaggiyar riga, ko tsohuwa da itace a ka, ko rijiyar da ta ƙafe. Ba ƙarya suka ɗauka ba, akwai waɗannan. Amma ni a nan aka haife ni, kuma ba su ne abin da ya fi yawa a gaban idona ba.

Abin da ya fi yawa a gaban idona shi ne hannayen mutane suna tsara abu. Je ka layin 'yan gwari a Gujungu da hantsi, kafin masu saye su hargitsa wurin, ka tsaya gaban mai tattasai. Ya shimfiɗa buhu, ya zauna, yana ɗaukar tattasan ɗaya bayan ɗaya yana juya shi a hannu har ya sami gefen da ya fi sheƙi, shi zai sa ya kalli mai wucewa. Manya uku ko huɗu a ƙasa, matsakaita a kansu, ƙarami ɗaya a ƙoli. Kashi na gaba ma haka, tazarar da ke tsakaninsu kamar an auna da igiya. Can gefe ya zuba attaruhu, ya sa koren kuɓewa a tsakani don ja ya ƙara fitowa. Ba wanda ya koya masa wannan a makaranta, kuma idan ka tambaye shi zai ce maka don kaya ya shiga ne kawai. Gaskiya ne don ciniki yake yi. Sai dai na lura ko ranar da kasuwa ta yi sanyi, ko an saya ko ba a saya ba, idan yaro ya ture kashi ɗaya da ƙafa sai ya miƙa hannu ya mayar da shi yadda yake. Ransa ba ya son ganinsa a karkace.

Ni abin da nake ɗauka ke nan. Ban ƙirƙiri komai a hotunana ba. Kafin in ciro waya wani ya riga ya zaɓi launi, ya raba wuri, ya daidaita tsayi da faɗi. Nawa shi ne in san inda zan tsaya da lokacin da zan danna.

Da zarar ido ya saba da wannan, kasuwa ba ta ƙarewa. Mai goro yana jera fari da ja a kan jiƙaƙƙen algarara, yana yayyafa ruwa don su yi ƙyalli. Masu tukwane suna kife su baki ƙasa, babba da ƙarama, randa da tulu da kasko, har su zama tudu. 'Yan igiya suna naɗe ta zobe-zobe su rataye a sanda. Bafulatana mai nono ta ɗora ƙwarya a kan ƙwarya, ta rufe da faifai mai ado, ludayi a soke a gefe. A wajenmu 'yan awo ma akwai namu: idan aka tsiyaye riɗi a kan tamfol yana tashi ya yi tsini, fari sol, kusa da shi kuma zoɓo ja har ya yi duhu. Yawancin zoɓon nan Meziko zai ƙare, riɗin kuma ƙasashe irin su Japan da Turkiyya, kuma na tabbata masu shan zoɓon a can ba su taɓa ganin yadda yake a zube a rana ta Maigatari ba, da tsofaffin mata zaune kewaye da shi suna tsince ƙasa da ɗan itace.

A karar shanu ta Maigatari kuwa abin ya bambanta, domin can dabba ce ke tsara kanta. Akwai farare masu matsakaicin ƙaho, akwai jajaye masu dogon ƙaho da ake korowa daga Nijar, idan suka taru suka ɗaga kai sai ka ga ƙahonni sun cika sama. A nan ba na tsayawa a tsaye. Durƙusawa nake yi in sa wayar ƙasa-ƙasa, don ƙahon ya fita a kan sararin sama maimakon ya ɓace cikin rigunan dillalai. Wanda zai yi haka ya nemi makiyayin ya tsaya kusa da shi, domin ba kowace saniya ke yarda da baƙo ya durƙusa a gabanta ba.

Kallon shanun nan ne ya sa wata rana na nufi Birnin Kudu musamman don in ga zanen da ke jikin duwatsu. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai shanu da aka zana da jan launi a ƙarƙashin rumfar dutse, waɗanda masu binciken tarihi suka fara rubutu a kansu a shekarun 1950, kuma yanzu hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa ce ke lura da su. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da yawansu ba su da tozo, alhali duk saniyar da ke kasuwanninmu yau da tozonta. Wato wani mutum a wannan ƙasa tamu ya zauna ya dubi saniyar zamaninsa da kyau, ya ga ta isa a ajiye siffarta, kuma saboda ya yi hakan ne muka san irin shanun da aka yi kiwo a nan kafin namu. Ba sarki ya zana ba, ba yaƙi ba, dabbar da yake gani kullum ya zana.

Bari in faɗi kaɗan daga abin da na gane game da haske, don wanda yake da waya irin tawa, Tecno ce ba wata mai tsada ba. Rana tsaka ita ce mafi wuyar sha'ani. Hasken yana saukowa daga bisa kai, hula ko malafa ta jefa inuwa a fuska, ido ya shige rami. Lokacina biyu ne: daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma la'asar sakaliya, sa'ad da haske ke zuwa daga gefe ya fito da kowane layi na saƙar tabarma da kowace jijiya ta bayan hannu. Idan dole sai da rana, ina neman bakin rumfa, inda mutum yake cikin inuwa amma haske na shigowa daga waje. Sannan waya tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne ta raba tsakani. Dattijo ya sa farar riga fes ya zauna a fili, sai wayar ta ga fari ya yi yawa ta rage haske, fuskarsa ta yi duhu har ba a gane shi. Maganin shi ne ka taɓa fuskar a kan gilashin wayar kafin ka danna, ta auna daga nan. Kada ka jawo hoto da yatsu, ƙananan wayoyi yanka hoton kawai suke yi su buɗa shi, sai ya fashe. Taka da ƙafarka ka matsa. Kuma a kasuwa ƙura ba ta barin idon kyamara, goge shi da gefen riga kowane lokaci.

Hunturu kuwa, wanda kowa ke kuka da shi, ni ina jiransa. A Disamba da Janairu idan hazo ya sauka, rana takan zama farin faifai da za ka iya kallo da ido, inuwa ta yi laushi, duk abin da ke nesa ya dushe. Kuka da giginya sukan tsaya su kaɗai a fili ba komai a bayansu. Amalanke yana fitowa daga cikin hazo, shanu biyu a gaba, yaro a sama ya naɗe kai da rawani. A irin wannan rana ko da azahar za ka iya ɗauka.

Tunda aikin na wasu ne, ba ni da ikon ɗauka ba da saninsu ba. Na san a wasu ƙasashe masu hoton titi suna ɗauka ne ba tare da mutum ya ankara ba, suna ganin a nan gaskiyar hoto take. Wannan ba zai yiwu a Shuwarin ba, kuma ko zai yiwu ba na so. Mutumin da na ɗauka yau, mako mai zuwa zan dawo in same shi a wurin, wataƙila ma in sayi riɗin ƙaninsa. Don haka sallama nake farawa da ita.

"Baba, sannu da kasuwa. Tsarin kayan nan ya burge ni, ko ka yarda in ɗauki hotonsa?"

"Ina za ka kai shi, yaro? Na gwamnati ne?"

Wannan tambaya kusan kullum sai an yi ta, domin mutanenmu sun saba idan aka ɗauki hotonsu to sunan tallafi ake rubutawa, kuma an sha ɗauka ba su ga komai ba. Ina faɗa masa gaskiya: ba na kowa ba ne, ba kuɗi a ciki, ajiyewa nake yi, wani lokaci in sa a intanet mutane su gani. Wasu su yi dariya su ce ɗauki. Wasu su ce ɗauki kayan ban da fuskata, kuma hakan ya fi mini sau da yawa, don hannun nake nema. Akwai kuma dattawan da ba sa son hoto saboda addini. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa, ni kuma ba malami ba ne, wanda ya ce a'a sai in mayar da waya aljihu mu ci gaba da gaisawa. Matan aure ba na ɗaukarsu hoto. Hotunan mata da nake da su na gidanmu ne da izininsu, kuma yawanci hannu ne: hannun Inna tana murza fura, hannun yayata tana saƙa faifai. Yara ƙanana sai da babba a wurin. Almajirai ma ba na ɗaukarsu da kwano a hannu, na fi son in je tsangaya in nemi iznin malam in ɗauki allo, domin rubutun allo da zayyanar da ake yi wa na sauka suna cikin mafi kyawun abin da hannu ke yi a ƙasar nan. Jami'an tsaro da shingayensu, musamman kusa da iyaka a Maigatari, ba ruwan wayata da su.

Sai kuma mayarwa. Duk sa'ad da na shiga Kano nakan ware 'yan kuɗi in wanke wasu hotuna a takarda in kai wa masu su. Akwai wani tsoho mai gyartai da ke zama a gindin bishiya a Gujungu, mata na kawo masa fasassun ƙore yana hudawa yana ɗinkewa. Na ɗauki wata ƙwarya da ya gama, ɗinkin ya bi tsagar tun daga baki har gindi, kowane ɗauri daidai da ɗan'uwansa. Da na kai masa hoton ya riƙe shi da hannu biyu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe haka yake fita. Irin ɗinkin babana ne wannan." Ya kira mai tabarma na kusa da shi ya nuna masa. Roba ta cinye kasuwar ƙwarya, yaransa ba wanda ya koyi sana'ar, kuma shi kansa ya san haka.

Da na fara karanta labarin waɗanda suka riga mu a wannan aiki, mutum biyu ne suka fi kama ni. Ɗaya ɗan Najeriya ne, J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014. Tun daga 1968 ya ɗauki shekaru yana ɗaukar kitson matan ƙasar nan, har ya tara hotuna kusan dubu, da yawansu daga ƙeya, ba a ma ganin fuska. Abin da kowa ke gani a titi ya wuce, shi ya gane aikin gwanaye ne wanda ake tsefewa bayan mako biyu ya ɓace. Yau hotunan nan suna manyan gidajen adana zane na duniya. Na biyun Malick Sidibé ne na Mali, ɗan ƙauye da ya taso yana kiwo kafin ya je Bamako, ya yi ta ɗaukar matasan unguwa a wajen biki da bakin kogi. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin zane na Banis a Italiya, ya rasu a 2016. Babu ɗayansu da ya je neman abin mamaki a nesa.

Birni ma da wannan idon nake shigarsa. Idan mun sauke kaya a Dawanau nakan hau adaidaita sahu in bi ta Rijiyar Lemo da Kurna in shiga gari. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, launin titin ya koma ruwan ɗorawa, kuma idan ka sami wuri mai tudu da yamma ka ga sun cunkushe a mahaɗa, hoto ne da kansa. Amma abin da na fi tsayawa a kansa shi ne teburin mai shayi: gwangwanayen madara an ɗora su bene-bene, burodi a jere ta gefe, kiret ɗin ƙwai, kofuna a kife, butar shayi tana tururi. Sai mai tsire da ya kafa tsinkaye kewaye da wuta a kan tudun toka. Sai mai lemo da ke feraye ɓawo a zare ɗaya ba ya tsinkewa, ya rataye zaren a gefen baro. Sai 'yan garuwa da jarkokinsu a jere cikin kura. Ka gaishe su ka tambayi gari, za ka ji Gumel, Kazaure, Babura, Ɗambatta, Damagaram. 'Yan ci-rani ne. Hannun da ya ɗaure damin gero da kaka shi ne ya jera gwangwanin madara da rani. Shi ya sa ban yarda cewa kyan titin birni daban yake da na ƙauye ba, mutanen ɗaya ne.

Bayan manyan motoci ma wani fage ne. Masu fenti suna zana zaki, ko dawisu, ko masallaci, ko dagi, su rubuta magana a ƙasa: "Hassada ga mai rabo taki", "Mahaƙurci mawadaci", "Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo". Kowane mai fenti da irin harafinsa, har na fara gane hannun wasu ko ban san su ba. Ina da tarin waɗannan, mafi yawa na ɗauke su ne a layin lodi sa'ad da direbobi ke barci a ƙarƙashin mota.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne gini. Kawuna magini ne, ya gaji sana'ar. Ina yaro nakan ga yadda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana, a mulmula tubali a shanya, a jera shi tsini sama, a yi yaɓe da hannu har sawun yatsu ya zauna a bango layi-layi. A kan soro a ɗora azara, a kusurwa a fitar da zanko, a shafe da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa don ruwa ya zame. A bakin zaure kuma, idan mai gida yana da hali, a yi ado da ƙasar tun tana ɗanya. Ambaliyar 2022 ta rushe gidajen ƙasa masu yawa a Jigawa, yankin Ringim da Haɗeja sun ji jiki, kuma duk wanda ya sami dama da bulo da kwano ya sake gini. Ba na ganin laifin kowa. Wanda bango ya faɗo wa cikin dare da iyalinsa a ɗaki, ba za ka ce masa ya sake na ƙasa don ya yi kyau a hoto ba. Amma nan da 'yan shekaru yaran garinmu ba za su san yadda zauren kakansu yake ba, kuma Kawu da sa'o'insa su ne na ƙarshe da suka iya.

Don haka duk garin da awo ya kai ni, idan na gama da buhuna nakan shiga cikin gari in nemi mai unguwa, in gaishe shi, in ce ina son ganin tsofaffin zaure da rumbuna. Ba a taɓa rasa yaron da za a haɗa ni da shi ba. Ina ɗaukar gaban zauren gaba ɗaya, sannan in matsa in ɗauki adon, sannan in shiga in ɗaga kai in ɗauki jerin azara. Rumbu da rufewa ma haka, da jinkarsu da duwatsun da aka ɗora su a kai saboda gara da damshi. Kowane hoto ina rubuta sunan garin da watan da na ɗauka, da sunan maginin idan an sani, a wani littafi da ke cikin jakar awona. Hotunan kuma ina kwafe su a katin ajiya biyu, ɗaya a gida, ɗaya wajen ƙanina a Dutse, domin waya tana faɗawa ruwa, ana sacewa, kuma hoton da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba matse shi ake yi ya rage kyau, sai an tura shi a matsayin fayil yake isa da cikarsa.

Kawu ya ce bayan kaka akwai wani Alhaji a ƙauyen gabas da mu da yake son a sake masa zauren gidan gado da ƙasa, yadda mahaifinsa ya bar shi. Na roƙe shi ya bar ni in bi aikin tun daga ranar da za a fara haƙar ƙasa a kududdufi har ranar shafa makuba. Ya ce in zo, amma da sharaɗin zan riƙa miƙa tubali, kuma na amsa.